Jarrabawar Ingilishi a Ƙasar Kurfai: Tarihin Mudun da Muke Awo da Shi

1. Gabatarwa

Kowace shekara, idan damina ta kawo kai, ɗaliban ajin ƙarshe na kwaleji a Filinge da sauran garuruwan Kurfai sukan zauna jarrabawar birbe (BEPC), kuma daga cikin takardun da ake raba musu har da ta Ingilishi. Duk wanda ya taɓa zaman gyaran jarrabawa ya san fasalin wannan takarda: gajeren rubutu a sama, sai tambayoyi don a ga ko ɗalibi ya fahimci abin da ya karanta, sai gwajin nahawu da na kalmomi, daga ƙarshe kuma a ce ya rubuta 'yan layuka da kansa. A ba shi maki bisa 20, a haɗa da na sauran darussa, jimlar ce za ta nuna ko zai wuce lise, ko zai maimaita aji, ko kuwa karatu ya ƙare ke nan. Irin wannan fasali zai sake tararwa a bak, in ya kai can.

Mun saba da takardar nan har ba ma tambayar inda ta fito. Abin da muke son nunawa a nan shi ne ta gaji siffarta daga gidaje biyu, lakwal ta Faransa da ma'aikatun gwaji na Amurka, kuma a cikin gidajen nan biyu babu wanda ya yi tunanin yaron da ya tashi da Hausa, ya shiga Faransanci yana ɗan shekara bakwai, ya tarar da Ingilishi yana ɗan goma sha uku. Saboda haka makin da muke rubutawa a gefen takarda ba na Ingilishi kaɗai ba ne. Akwai na Faransanci cakuɗe a ciki. Mun zaɓi Kurfai ne domin ƙasar Hausa ce wadda ba ta bakin iyakar Nijeriya kamar Ƙonni ko Maraɗi, amma mutanenta sun san hanyar ƙasashen Ingilishi tun kafin a buɗe kwaleji ko ɗaya a Nijar.

Wata 'yar magana kan kalmomi kafin mu shiga. A Kano ko Zariya in an ce Turanci an gama magana, harshen Ingila ake nufi. A wajenmu kalmar tana da fuska biyu, tun da Baturen da ya mulke mu Bafaranshe ne, kuma tsoho a ƙauye yana iya cewa jikansa ya iya Turanci alhali Faransanci yake nufi. Don haka za mu riƙa cewa Ingilishi da Faransanci, kowane da sunansa.

2. Hanyar yamma da hanyar kudu

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Faransawa sun kafa bariki a nan a farkon shekarun 1900, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya a kan kanton Kurfai, a ƙasar da ba ta saba da sarki ɗaya mai iko a kan kowa ba. A daidai wannan lokaci ne Faransa da Ingila suke ja-in-ja kan inda iyaka za ta bi. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta 1904 da ta 1906 suka gyara ta don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Isa zuwa Damagaram. Abin da ya shafe mu shi ne abin da wannan zane ya haifar ta fuskar harshe. Hausawan da suka faɗa hannun Ingila sun hau Ingilishi ne daga kan Hausa: makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take fara koyarwa, Ingilishi ya biyo baya. A ɓangaren Faransa kuwa, dokar gwamna janar Carde ta 1924 ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a lakwal, kuma tsofaffin 'yan lakwal ba su manta da sambol ba, wato ɗan abin da ake rataya wa yaron da aka ji yana Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta.

Ingilishi ba ya cikin tsarin karatun da aka yi wa 'yan ƙasa a wancan zamani. Kafin yaƙin duniya na biyu lise biyu ne kacal a duk Afirka ta Yamma ta Faransa, ɗaya a Saint-Louis, ɗaya a Dakar, kuma can ne ake bin cikakken tsarin Faransa mai harsunan waje. Hanyar ɗan lakwal yamma ta nufa. Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu a 1931, ya yi firamare a Filinge, daga nan ya wuce makarantar 'ya'yan soja ta Kati, a ƙasar Mali ta yau, sannan Saint-Louis. A kowace ƙofa ta wannan hanya Faransanci ake nema kafin a buɗe.

Sa'o'insa da ba a kama su lakwal ba, kuma su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kudu suka nufa. Ga lanho da sai an biya da kuɗi, ga aikin dole wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga yunwar 1931 da fara ta kawo, wadda ta yi wa yammacin Nijar mummunar ɓarna. Samari suka riƙa tafiya biɗa, wasu Sakkwato da Kano, wasu har Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda ake samun aikin dako da na lebura a Kumasi da Akara da garuruwan haƙar zinariya. Jean Rouch ya yi dogon bincike kan wannan ƙaura, ya buga shi a 1956.

Akwai wani abin tarihi na Kurfai da ya bi wannan hanya, wanda bai kamata masanin harshe ya wuce shi ba. A 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule, masu siffar sojoji da ma'aikatan Nasara. Suka ƙi bin umurnin sarkin kanto, kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai, daga baya aka kori shugabanninsu daga ƙasar. Shi kansa kumandan bai tsira ba, don an sami iska mai suna Kumandan Mugu. Fuglestad (1975) ya karanta lamarin a matsayin tawaye ga sarautar da Faransawa suka ƙaƙaba. Iskokin sun bi 'yan biɗa zuwa Gwalkwas, kuma waɗanda Rouch ya ɗauka a fim kusa da Akara a 1954 suna kwaikwayon gwamnan Ingila da faretinsa, da wani harshe da aka haɗa daga gutsattsarin Faransanci da Ingilishi. Mutanen da ba su taɓa zama a benci ba sun riga sun gane cewa harshen Bature tufar iko ce, ana sa ta ana tuɓewa.

Kada mu kambama Ingilishin da 'yan biɗa suka komo da shi. A zangon Kumasi da na Akara Hausa ta ishi mutum ci da sha da ciniki, kuma abin da akasari aka koyo buroka ne, na tasha da kasuwa. Amma shi ma ana gwada shi, kuma gwajin ba shi da sassauci: heluma a bakin aiki, ɗan sanda a kan hanya, mai kanti a bayan tebur. In ka ji abin da aka ce ka sami aiki, in ba ka ji ba a ɗauki na bayanka. Gwaji ne na kunne da baki, babu alƙalami a ciki. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi daga Gana a 1969, da wadda gwamnatin Shagari ta yi daga Nijeriya a 1983, sun dawo da dubban irin waɗannan mutane gida, da Ingilishinsu a baka, ba tare da takardar shaida ko ɗaya ba.

3. Iyayen takardar

Ingilishin makaranta ya shigo ne bayan 1946, lokacin da aka fara shimfiɗa tsarin karatun Faransa a ƙasashen da take mulka. A 1947 aka ƙirƙiro birbe a Faransa, aka kawo mana ita yadda take, tare da bak wadda ta samo asali tun 1808. Harshen waje a wannan tsari ya gaji hanyar da ake koyar da Latin: a ba ka rubutu ka juya shi zuwa Faransanci (version), a ba ka Faransanci ka juya shi zuwa harshen waje (thème). Gyaran 1902 ya kawo koyarwa kai tsaye cikin harshen da ake koyo, amma ba a daɗe ba fassara ta komo cikin jarrabawa. Ga ɗan Faris wannan gwaji yana da ma'ana, domin ɗaya daga cikin harsunan biyu nasa ne. Ga ɗan Filinge duka biyun baƙi ne.

Akwai kuma wani gado da ba a cika lura da shi ba. Duk wanda ya yi sartifika ya san dikte da tambayoyinta: bayan an gama shifta, wadda kuskure biyar a cikinta sifili ne, sai a tambayi ma'anar wasu kalmomi, a nemi fiɗar wata jimla, a yi tambaya ɗaya ko biyu kan abin da rubutun yake faɗa. Kalmomi, nahawu, fahimta. A ganinmu wannan ita ce uwar takardar Ingilishi ta birbe. Malaman da suka fara tsara takardar, da waɗanda suka gaje su, duka da dikte aka yaye su, kuma tunanin cewa sanin harshe shi ne a ajiye rubutu a gabanka ka feɗe shi gunduwa-gunduwa daga can suka ɗauko shi.

Uban takardar daga hayin teku ya zo. A Ingila, jarrabawar ƙwarewa ta farko da jami'ar Cambridge ta shirya wa baƙi a 1913 awa 12 ta ci, mutum uku suka zauna, babu wanda ya ci. A cikinta akwai fassara da insha'i da adabi da ilimin furuci, ke nan ba ta yi nisa da ta Faransa ba. Amurkawa ne suka ɗauki wata hanya dabam. Tun wajen 1915 Frederick Kelly ya fito da gwajin karatu na zaɓi amsa ɗaya cikin da yawa, don a gyara takardu masu yawa cikin sauri, kuma ra'ayin mai gyara ya fita daga ciki. A 1961 Robert Lado ya buga littafinsa kan gwajin harshe, inda ya kafa hujjar cewa harshe ginanne ne daga ƙananan sassa, sauti da kalma da ƙirar jimla, kuma kowace tambaya ta auna sashe ɗaya tak. A wannan shekarar John Carroll ya yi kashedi cewa sanin sassa ɗaya-ɗaya bai tabbatar da mutum zai iya haɗa su yana magana ba. Ba a saurare shi sosai ba a lokacin. TOEFL da aka fara a 1964 kashi biyar gare ta, ji da nahawu da kalmomi da fahimtar karatu da sanin ƙa'idar rubutu, duka na zaɓen amsa. Maƙwabtanmu ma iskar ta kaɗa su: rahoton Grieve na 1964 ya kai hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, ga shigo da irin wannan gwaji na kalmomi da ƙirar jimla.

Wani abu daga Lado ya dace mu riƙe. A wajensa, kafin a rubuta tambaya sai an gwama harshen da ake koyo da harshen uwa na ɗalibi, a gano inda suka saɓa, domin nan ne wuya take. Mun karɓi siffar gwajinsa, cike gurbi da zaɓen amsa da juya jimla, muka bar wannan sharaɗi a baya. In ma an yi gwamin, da Faransanci aka yi shi, kamar shi ne harshen da yaron ya sha a nono.

4. Bayan 1960

Nijar ta karɓi 'yancin kai yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da aka fara buɗe kwalejoji a manyan garuruwan ƙasa, Ingilishi ya zama darasin dole tun daga siziyam, kuma malamansa sun yi ƙaranci. 'Yan sa kai na Amurka na Peace Corps sun fara zuwa a 1962, su bakwai, kuma Ingilishi suka zo koyarwa. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki a ƙasar har zuwa watan Janairu na 2011. Ta hannunsu, da ta hannun malamanmu da suka yi horo a Amurka da Ingila, salon Lado ya shiga aji ya zauna kusa da salon dikte. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971, ta ɗauki nauyin horar da malamai, kuma ita ce ta daɗe tana shirya bak kafin a kafa ofishi na musamman.

Sunayen littattafan aji ma suna ba da labari. Wanda aka daɗe ana amfani da shi a ƙasashe da dama shi ne English for French-Speaking Africa na David Mills da abokan aikinsa. Sunan ya riga ya yanke hukunci a kan ɗalibin: mai jin Faransanci ne. Daga baya ma'aikatar ilimi da Peace Corps suka fito da English for the Sahel, wanda ya kawo sunaye da garuruwa da kasuwanni irin namu cikin darasi. Ci gaba ne babba ta fuskar abin da ake karantawa. Harshen da malami yake komawa in bayani ya cije dai bai sake ba, haka ma fasalin jarrabawa.

A can inda aka haifi fasalin kuwa an yi gaba. Aikin Hymes kan iya amfani da harshe cikin jama'a, da na Canale da Swain a 1980, sun sauya tambayar daga me ɗalibi ya sani game da harshe zuwa me yake iya yi da shi. TOEFL ta narkar da gwajin kalmomi cikin karatu a 1995, kuma a 2005 ta jefar da sashen nahawu mai zaman kansa, ta shigo da magana.

5. Abin da mudun yake ɗauka a ajin Kurfai

Mu ɗauki sassan uku ɗaya bayan ɗaya, mu fara da nahawu, domin nan ne abin ya fi fitowa fili.

Babu takardar siziyam ko sankiyam da ba ta tambayar bambancin his da her. A Ingilishi jinsin mai abu ake dubawa. A Hausa ma haka ne: gidansa da gidanta, ko a Hausar yamma, wadda ta Kurfai take cikinta, gidanai da gidanta. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya kuskuren wannan. Faransanci kuwa jinsin abin da aka mallaka yake bi, son livre ko na namiji ne ko na mace. Ɗalibin da aka koya wa cewa son shi ne his, sa kuma ita ce her, zai rubuta her house yana nufin gidan Musa, domin maison tamace ce a Faransanci. Mu ja masa jan layi, mu rage maki, mu ce bai iya Ingilishi ba. Alhali ƙa'idar tana bakinsa tun daga gida, gadar da aka bi da shi ce ta karkata.

Haka abin yake a lokutan aikatau. Ingilishi ya raba he is eating da he eats, Hausa ta raba yana ci da yakan ci, Faransanci kuwa il mange ne duka biyun. Rabon Hausa da na Ingilishi ba su daidaita ɗari bisa ɗari ba, tun da yana noma tana iya nufin sana'arsa ke nan, amma tunanin cewa aikin da ake cikin yi daban yake da aikin da aka saba yi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Sai kuma tarkon da ya fi kowane kama ɗalibai: il a mangé ta yi kama da he has eaten a ƙira, saboda haka ɗalibi ya rubuta he has eaten yesterday. Wannan kuskuren Bafaranshe ne tsantsa. Da daga ya ci jiya ya taso, da wuya ya ƙirƙiro has daga babu.

Ba muna cewa Hausa ba ta da nata tarkon ba. Tana da shi: kalmomin a da the, da tambaya mai do, da baƙaƙe masu cunkushewa a ƙarshen kalma, da p da f a bakin wanda yake kiran garinsa Hilinge, ƙasarsa Kurhwai. Kuma ajin Filinge ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai 'yan Tondikanja masu Zabarmanci, wanda ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, don haka he da she, da suke kyauta ga Bahaushe, aiki ne a gare su. Akwai 'yan Imanan, akwai Fulani. Tambaya ɗaya, nauyi dabam-dabam, kuma takardar da aka tsara a Yamai don ƙasa baki ɗaya ba ta san da wannan ba.

Ta fuskar kalmomi, yaron Kurfai yana shiga siziyam da ɗan jarin Ingilishi a aljihu ba tare da ya sani ba. Taya, birki, giya, sitiyari, direba, bokiti, lebura, kanti, sisi, sule, fam: duka daga Ingilishi Hausa ta aro su, suka hauro da motoci da 'yan kasuwa da 'yan biɗa, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da lakwal da mushe da duwan da kumandan da muka aro daga Faransanci. Malami ya rubuta bucket a allo, ya rubuta seau a gabanta, yaro ya kwafe kalmomi biyu, wata rana ma ta biyun ce ta fi yi masa wuya, ga bokiti a ƙofar aji. Dole a yi adalci a nan: Faransanci yana taimako matuƙa a manyan kalmomi, irin su nation da government da education, kuma ɗan lise yana cin moriyar wannan a bak. Amma a kwaleji kalmomin yau da kullum ake nema, irin 2000 ɗin nan da Michael West ya jera a 1953, waɗanda suke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na gama-gari, kuma waɗanda suka fi yawan maimaituwa a cikinsu, irin su come da give da water da house, ba su da dangi a Faransanci. Inda kamar ta samu ma ba kullum take da amana ba: library ba kantin littattafai ba ne, kuma wanda ya yi pass a jarrabawa ya ci ta ne, ba zama kawai ya yi ba kamar mai passer.

Sashen fahimtar karatu shi ne mai nauyin maki, kuma shi ne ya fi wuyar fassarawa. Alderson ya yi tambayar tun 1984: in ɗalibi ya kasa karatu cikin harshen waje, matsalar harshe ce ko ta karatu? Binciken da aka yi bayansa ya nuna sai mai karatu ya san kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba. A rubutu mai kalma 200, baƙin kalmomi 10 sun isa su kai shi gaɓa. Wannan ɓangaren harshe ke nan. Ɓangaren karatu kuma, awon PASEC na 2014 ya nuna ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin da ake so a karatun Faransanci ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A 2019 sun kai kimanin kashi 30. Yaron da bai taɓa karanta shafi guda ya gane shi sarai cikin kowane harshe ba, shi ne muke ba rubutun Ingilishi bayan shekara huɗu. Dabarar da ya koya, kuma duk mai gyara ya san ta, ita ce ya nemo kalmar da ke cikin tambaya a jikin rubutun, ya kwafe jimlar da take ciki. Sau da yawa amsar takan faɗa daidai, a ba shi makinsa. Tun da abin da jarrabawa take biya shi aji yake nomawa, malamin tarwaziyam ba shi da laifi in ya kwashe watannin ƙarshe yana koyar da wannan farauta.

Makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida, waɗanda aka soma da Hausa a Damagaram a 1973, da dokar tsarin ilimi ta 1998 wadda ta ba harsunan ƙasa gurbi a firamare, sun taɓa gindin wannan matsala. Hannunsu bai kai ga ajin Ingilishi na kwaleji ba.

6. Bayan dokar 2025

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kuma a cikin wannan watan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wannan ya sauya nauyin takardar da muke magana a kanta. Muddin Ingilishi darasi ne cikin darussa, maki 8 ko 12 bisa 20 lamari ne tsakanin ɗalibi da matsakaicin makinsa. In ya zama harshen aiki, ko ba jima ko ba daɗe za a buƙaci a san wane ma'aikacin duwan, wace ungozoma, wane sakatare ya iya shi, kuma mudun da ke hannu shi za a fara ɗauka. Da wannan mudu, direban da ya shekara ashirin yana kai kaya Legas da Tema zai fito da sifili, mai bak ɗin da ba ya iya amsa waya da Ingilishi ya fito da shaida. A jihar Tilaberi kuma, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a farkon shekarun 2020, masu Ingilishin hanya ba raguwa za su yi ba.

Akwai aikin da sashenmu zai iya yi ba da kuɗi mai yawa ba, kuma ya isa kundin digiri na biyu. A ɗauki tambayoyin nahawu na takardun birbe na shekara goma, a ware waɗanda Hausa da Ingilishi suka yi tarayya a kansu Faransanci ya saɓa, irin his da her da lokutan aikatau. A koyar da su a aji biyu na siziyam a Filinge, ɗaya ta kan Faransanci yadda aka saba, ɗaya ta kan Hausa, sannan a ba su gwaji iri ɗaya. A maimaita a Damana da Zabarmanci, a Bankuku da harsunan da yaran can suke yi a gida. A haɗa da gwajin baka na minti biyar, a ba ɗaliban, a kuma ba manya goma daga tashar motar Filinge waɗanda suka yi zaman Nijeriya ko Gana, a ajiye makin kowa kusa da na takardarsa.